Essure: Yadda Aikin Minti Goma Ya Mayar da Dubban Mata Ɗakin Tiyata

A ranar 20 ga Yulin 2018 kamfanin magunguna na Bayer, mai hedikwata a Jamus, ya sanar cewa daga ƙarshen wannan shekarar zai daina sayar da Essure a Amurka, wadda ita ce ƙasa ta ƙarshe da ake samunsa a kasuwa. Dalilin da ya bayar shi ne ciniki ya ja baya, ba wai an gano wani aibu a jikin na'urar ba. Bayan shekara biyu, a Agustan 2020, sai ga kamfanin ya amince zai biya kimanin dala biliyan 1.6 don a kashe mafi yawan ƙararraki kusan 39,000 da mata suka shigar a kansa, amma bai amsa laifi ba. Abin da ya jawo duk wannan kuwa wata 'yar waya ce mai tsawon santimita 4, a murɗe kamar sifirin cikin biro.

An yi Essure ne domin matar da ta yanke shawarar ta gama haihuwa, ko wadda likita ya gaya wa cewa wani cikin na iya zama ajalinta. Aikin da aka fi sani da juyin mahaifa, toshe bututu biyu ne da ƙwai ke bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa, ta yadda ba zai haɗu da maniyyi ba. Hanyar da aka saba a ƙasashen Turai da Amurka ita ce a yi wa mace allurar barci, a huda ciki kusa da cibiya, a hura iska, a zura kyamara, sannan a ɗaure bututun ko a ƙone shi ko a maƙala masa maɗauri. Aiki ne da likitoci suka ƙware a kai, amma yana da nasa haɗarin: allurar barci ba kowane jiki ke ɗauka ba, ƙarfen hudar na iya taɓa hanji ko babbar jijiya, kuma abin ya fi wuya ga mai ƙiba sosai, ko mai ciwon zuciya, ko wadda aka sha yanka wa ciki har hanjinta ya manne.

Shi ya sa likitoci suka daɗe suna neman hanyar da za a kai ga bututun ta ƙofar da Allah ya riga ya buɗe, wato ta farji da bakin mahaifa, ba yanka ba ɗinki. An gwada ƙone bakin bututun da wutar lantarki a shekarun 1970, aka watsar saboda yawan kuskure da ƙonewar hanji. Wani likita a ƙasar Chile, Jaime Zipper, ya fito da dabarar cusa ƙwayoyin maganin quinacrine cikin mahaifa don su ƙone bakin bututun. An yi wa mata sama da 30,000 a Vietnam kafin a tsayar da shirin a 1993, Indiya kuma ta haramta shi a 1998. Saboda haka lokacin da wani ƙaramin kamfani a jihar California mai suna Conceptus ya samu amincewar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, a Nuwamban 2002, likitoci da yawa sun ɗauka an kai ga gaci.

Ga yadda aka riƙa yin aikin. Likita zai zura siririyar na'ura mai kyamara da fitila ta bakin mahaifa, ya cika mahaifar da ruwan gishiri don ta buɗe ya ga cikinta. A kusurwar sama ta dama da ta hagu akwai 'yar ƙofar kowane bututu. Nan zai cusa wayar ya sake ta, ta buɗe ta kama bango. Wayar ciki ta ƙarfe ce marar tsatsa, ta waje haɗin nikel da titaniyam, a tsakiya kuma akwai zaren roba irin wanda ake saƙa yadi da shi. Shi zaren da gangan aka sa shi don ya tsokani jiki, nama ya tsiro ya lulluɓe wayar, bututun ya toshe. Ba a buƙatar ɗakin tiyata ko allurar barci. Cikin minti goma zuwa sha biyar an gama, mace ta tashi ta tafi gida, washegari ta koma bakin aikinta. Tallar kamfanin ta ce kariyar ta haura kashi 99 cikin 100. Bayer ya sayi Conceptus a 2013 kan dala biliyan 1.1, kuma a lissafinsa an sayar da na'urar kusan 750,000 a faɗin duniya.

Abin da ke sa wayar ta zauna ko ta ƙi zama

Sharaɗi na farko shi ne likita ya ga ƙofar bututun da idonsa, kuma wannan ya danganta da ranar da aka zaɓa. Bangon cikin mahaifa yana kauri yayin da wata ke tafiya, yana shirin karɓar ciki. In aka yi aikin gab da zuwan haila, bangon ya kumbura ya rufe ƙofar, ruwan da aka zuba ya gurɓace da jini da ɓarɓashin nama, likita ya koma lalube. Don haka aka fi so a yi shi a kwanakin farko bayan ɗaukewar jini, ko a ba mace maganin tsarin iyali na wasu makonni tukuna don bangon ya yi siriri. Wadda ta haihu ko ta yi ɓari sai ta cika mako shida.

Na biyu, shi kansa bututun tsoka ne mai rai. Da zarar an taɓa shi yana iya murɗewa ya tsuke, ya hana wayar wucewa. Maganin ciwo da ake ba mace kafin a fara, irin su ibuprofen, yana rage wannan tsukewa, kuma bincike ya nuna yana ƙara yiwuwar a dasa wayoyin biyu a zama ɗaya. Wani lokacin kuma ba tsukewa ba ce, bututun ne ya daɗe da lalacewa saboda tsohon ciwon sanyi da ba a magance ba. Ga ƙarin mahaifa da ke tsirowa ta ciki ya tare hanya, ga mahaifar da ta karkace, ga wadda ƙofofinta suka koma can gefe inda na'urar ba ta iya lanƙwasawa ta kai. A gwajin farko da aka dogara da shi wajen ba da lasisi, kusan mace ɗaya cikin goma ba a samu an dasa mata a ɓangarorin biyu ba. Samfuran da suka biyo baya sun rage wannan, amma ba su kawar da shi ba.

Sai hannun likita, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'idar kamfanin ta ce a bar zobe uku zuwa takwas na wayar suna leƙowa cikin mahaifa. In an cusa ta ta zarce, tana iya sulalewa gaba ta faɗa cikin ciki. In ba ta shiga sosai ba, mahaifa za ta tofo ta waje, wani lokacin a cikin jinin haila ba tare da mace ta lura ba. In kuma likita ya ji turjiya ya ce sai ya danna, wayar na iya huda bangon bututun ko na mahaifa. Abin tsoron shi ne ta kyamarar da ke cikin mahaifa ba a ganin wannan hudar. Daga ciki komai zai yi kyau, zoben suna nan yadda littafi ya ce. Likitocin da suka yi gwajin farko zaɓaɓɓu ne, ƙwararru a aikin leƙen mahaifa. Da na'urar ta shiga kasuwa sai ta faɗa hannun duk likitan mata da ya halarci ɗan gajeren horo ya yi 'yan ayyuka ƙarƙashin kulawa, kuma da yawansu leƙen mahaifa ba aikinsu na yau da kullum ba ne.

Wata uku da babu su a cikin talla

Matar da aka ɗaure wa bututu ta hanyar huda ciki, tana farkawa daga barci aikin ya kammala. Wadda aka dasa wa Essure kuwa ta fita daga asibiti tana iya ɗaukar ciki kamar yadda ta shiga. Naman da zai toshe bututun sai ya ɗauki wata uku yana tsirowa, kuma a tsawon wannan lokaci dole ta ci gaba da wata hanyar tsarin iyali. Bayan wata ukun sai ta dawo a zuba ruwan rini cikin mahaifa a ɗauki hoton eksire, a tabbatar wayoyin suna wurinsu, rinin kuma bai tsallaka ba. Gwajin yana da zafi, yana cin kuɗi, ga shi ana yinsa a wani sashe daban na asibiti. Daga 2015 aka yarda a yi amfani da sikanin ta farji ga wasu matan.

A nan gizo ke saƙar. Matan da aka sa a gwajin kamfani ana bibiyarsu ana kiransu a waya, saboda haka kusan duka suka dawo. A rayuwa ta zahiri ba haka abin yake ba. Wani bincike da aka yi a wani asibitin marasa ƙarfi a birnin Detroit ya gano cewa waɗanda suka dawo gwajin ba su kai mace ɗaya cikin bakwai ba. Wata inshorarta ta ƙare bayan haihuwa, wata babu mai riƙe mata yara, wata kuma ba ta fahimci cewa aikin bai ƙare ba tun da an ce mata an gama. Mafi yawan cikin da aka samu bayan dasa Essure daga nan ya fito: ko ba a yi gwajin ba, ko an yi an karanta hoton ba daidai ba, ko mace ta saki maganin tsarin iyali tun lokaci bai yi ba. Akwai ma waɗanda suna da ƙaramin ciki tun ranar da aka dasa. Cikin da ya shiga alhali akwai waya a bututu kuma yana da haɗarin tsayawa a wajen mahaifa, abin da kan kai ga fashewar bututu da zubar jini a ciki.

To ina aka samo kashi 99 ɗin? An same shi ne daga matan da aka dasa wa wayoyi biyu lafiya, suka dawo bayan wata uku, hoto ya tabbatar bututun ya toshe. Duk wadda dashen ya ƙi, ko wayar ta fita, ko ba ta dawo ba, an cire ta daga lissafin. Ba ƙarya aka yi ba, amma amsar wata tambaya ce daban da wadda mace ke yi a gaban likita. Ita abin da take son sani shi ne: in na zaɓi wannan hanya yau, mene ne yiwuwar in sake ɗaukar ciki? Dokta Aileen Gariepy, wadda take Jami'ar Yale a lokacin, da abokan aikinta sun yi ƙoƙarin amsa wannan a 2014, inda suka haɗa lissafi da ya ƙunshi duk matakan da abu ke iya lalacewa. Ƙiyasinsu ya nuna cewa cikin shekara goma, mata 96 cikin 1,000 da suka zaɓi Essure za su iya ɗaukar ciki, alhali a hanyar huda ciki adadin yana tsakanin 24 da 30. Ƙiyasi ne, ba ƙirgen mutane ba, kuma an yi ta gardama a kansa. Sai dai a 2015 ita da wasu likitoci biyu, Sanket Dhruva da Joseph Ross, sun nuna a mujallar likitanci ta New England cewa gwaje-gwajen da aka ba da lasisi a kansu ba su kwatanta Essure da tsohuwar hanya ba ko kaɗan, kuma ba a bibiyi dukkan matan har ƙarshen shekara biyar da aka yi alkawari ba.

Koken mata, da abin da bincike ya ce

Ba likitoci ne suka fara kwarmata matsalar ba. A 2011 wata mata a jihar New York ta buɗe zaure a Facebook don ta faɗakar da ƙawayenta abin da ya same ta. Kafin wasu shekaru mambobin zauren sun kai dubun dubata, kowacce da labarin da likitanta ya ce mata ba daga wayar ba ne: ciwon mara da ba ya tafiya, jinin haila mai yawa, zafi lokacin saduwa, kasala, ciwon kai da na gaɓoɓi, zubewar gashi, borin jini. Erin Brockovich, fitacciyar mai fafutukar kare masu sayen kaya, ta shiga maganar. A Faransa, inda aka fi amfani da na'urar bayan Amurka, mata suka kafa ƙungiyar RESIST a 2016. Zuwa tsakiyar 2015 FDA ta karɓi rahoton matsala sama da 5,000. Zuwa ƙarshen 2017 sun haura 26,000.

Batun nikel ya cancanci a tsaya a kansa. Mata da yawa jikinsu ba ya shiri da wannan ƙarfe, shi ne ke sa kunnen wasu ya yi ƙuraje in sun sa ɗan kunne mai araha. Da farko takardar Essure ta hana a dasa wa irin waɗannan mata. A 2011 aka cire hanin aka mayar da shi gargaɗi, bisa hujjar cewa nikel ɗin da ke fita daga wayar kaɗan ne ƙwarai. Daga baya masu bincike a birnin Lyon na Faransa suka duba naman da aka ciro daga jikin wasu mata, suka tarar da ɓarɓashin kuza, wanda ya fito daga wurin da aka yi wa wayar walda. Ke nan na'urar da aka ce za ta zauna har abada tana zaizayewa a cikin jiki.

Amma adalci ya sa a faɗi abin da manyan bincike suka gano, domin bai yi daidai da abin da kowane ɓangare ke so ba. Na farko shi ne na jihar New York, wanda mujallar BMJ ta buga a 2015: mata 8,048 da aka dasa wa waya, da 44,278 da aka huda wa ciki. Ba a ga bambanci a ɗaukar ciki ba cikin shekarar farko, amma masu waya sun ninka sauran fiye da sau goma wajen komawa a sake yi musu aiki. Na biyu na Faransa ne, a mujallar JAMA a Janairun 2018, kan mata sama da 105,000. A ranar aikin Essure ya fi aminci nesa ba kusa ba: matsalar tiyata kashi 0.13 cikin 100, a ɗaya hanyar kuma 0.78. Bayan shekara guda sai lissafin ya juya, domin kashi 5.65 na masu waya sun koma ɗakin tiyata, a ɗaya ɓangaren kuma 1.76. Game da borin jini da cututtukan da jiki ke yaƙar kansa, binciken bai ga ƙari a masu Essure ba har zuwa shekara uku. Wani bincike a Jami'ar Vanderbilt ya ƙara haske kan wadda ciwo ya fi kamawa: kimanin mata huɗu cikin 100 ne suka samu ciwon mara mai ɗorewa, kuma waɗanda dama suna fama da daɗaɗɗen ciwon baya, ko na kai, ko na jiki gaba ɗaya, su suka fi shiga haɗarin. Da an san wannan tun farko, da an ba mata da yawa shawarar su bi wata hanyar.

Ni dai abin da na fahimta daga waɗannan alƙaluma shi ne, mafi yawan matan da aka dasa wa Essure suna nan lafiya, kuma ga wadda allurar barci ke iya kashewa, na'urar rahama ce. Laifin yana wajen yadda aka sayar da ita, a matsayin aiki mai sauƙi ga kowace mace a hannun kowane likita. Haɗarin bai ɓace ba, an ɗauke shi ne daga ranar aikin, inda likita ke gani, aka kai shi watanni da shekarun da ke gaba, inda mace ke ita kaɗai a gida. Wani abin mamaki kuma, a duk wannan taƙaddama ba kasafai ake tuna cewa ɗaure jijiyar maniyyin namiji ya fi dukkan hanyoyin nan sauƙi da aminci da araha ba.

Hukuma ta motsa, amma a hankali. A ranar 24 ga Satumban 2015 FDA ta zaunar da kwamitin masana, mata suka zo da kansu suka ba da shaida. A 2016 aka tilasta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalin na'urar, tare da takardar da mace da likita za su karanta su sa hannu, aka kuma umarci Bayer ya gudanar da sabon bincike. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 70. A 2017 Brazil ta dakatar da na'urar, hukumar da ke ba ta hatimin Turai daga Ireland ta jingine hatimin na wata uku, sai Bayer ya janye ta daga ko'ina ban da Amurka. A Afrilun 2018 FDA ta hana sayar da ita ga duk likitan da bai yi alkawarin bin takardar nan da majinyaciya ba, domin an gano har lokacin akwai matan da ba a nuna musu ita. Kishiyarta, Adiana ta kamfanin Hologic, ta riga ta bar kasuwa tun 2012 bayan rikicin haƙƙin mallaka da Conceptus. Kotuna ma ba su yi magana da murya ɗaya ba: a Disamban 2024 Kotun Ƙolin jihar Victoria a Ostareliya ta kori ƙarar da mata sama da 1,000 suka shigar, tana cewa ba su tabbatar na'urar ce ta jawo musu ciwon ba.

Janye na'ura daga kasuwa bai cire ta daga jikin kowa ba, kuma nan ne babban giɓin da masu ƙirarta suka bari, domin ba su tanadi hanyar fitar da ita ba. Bayan wata uku nama ya riga ya saƙe da zaren robar. In aka ja wayar sai ta warware ta tsinke, gutsattsarinta su saura a jiki, kuma gutsuren da ya faɗa cikin ciki nemansa aiki ne ja. Galibi sai an huda ciki an cire bututun gaba ɗaya, wani lokacin har da kusurwar mahaifar da wayar ta ratsa, ga mata da yawa kuma har da mahaifar kanta. Wato tiyatar da aka guje wa tun farko ita ake komawa, kuma mafi girma. Da yawa suna samun sauƙi bayan cirewa, wasu kuma ciwon bai rabu da su ba. A yau likitocin mata a ƙasashe da dama sun karkata ga cire bututun biyu tun farko ga mai neman tsayar da haihuwa, musamman da aka gano cewa nau'in sankarar ma'ajiyar ƙwai mafi muni yakan faro ne daga bututun.

Ga wadda aka taɓa dasa wa Essure, ko a Amurka ko a Turai ko a wata ƙasa da ta je neman magani, shawarar FDA ita ce in an tabbatar bututun ya toshe kuma ba ta jin komai, ta bar shi inda yake, domin cirewar ma tana da haɗari. In kuwa ba a taɓa yi mata gwajin wata ukun ba, kada ta dogara da shi har sai an yi. Mai fama da ciwon mara ko jinin da ya ƙi tsayawa ta gaya wa likita ƙarara cewa akwai waya a jikinta, ta nemi a ɗauki hoto a ga inda take kafin a taɓa ta, kuma ta tambayi likitan ko ya taɓa cire irinta.